Yadda Ake Ƙera Tambayoyin Auna Ciwon Damuwa a Waya, da Inda Suke Tuntuɓe a Zariya

Ɗalibin da ke Samaru zai iya buɗe wayarsa cikin dare, ya amsa tambayoyi 9, manhaja ta ba shi maki ta ce yana da alamun ciwon damuwa. Yawancin irin waɗannan manhajoji ba su ƙirƙiri komai ba, takardar PHQ-9 suka ɗora a kan allo. Masana uku a Amurka, Kurt Kroenke da Robert Spitzer da Janet Williams, su ne suka wallafa binciken ingancinta a 2001. Kowace tambaya tana duba makonni biyu da suka wuce, ana ba ta maki daga 0 zuwa 3, jimilla kuwa ba ta wuce 27. Daga maki 10 zuwa sama ne ake cewa mutum ya je a duba shi sosai.

Makin ba hukuncin likita ba ne. Kamar na'urar awon hawan jini ce a kemis: tana nuna akwai abin dubawa, ba ta faɗin dalili.

Masu jinya ta hanyar tattaunawa sun fi kowa buƙatar irin wannan awo, musamman masu bin tsarin gajeren zango da Habib Davanloo ya gina a Montreal ta Kanada, da David Malan a asibitin Tavistock na Landan. A tsarin, likita da majinyaci suna tono abin da mutum ya danne a zuci, da dabarun da yake kauce wa raɗaɗinsa da su, cikin zama ƙalilan maimakon shekaru. Tunda lokaci kaɗan ne, dole a gane da wuri ko ana samun sauƙi. Shi ya sa aka samar da takardu irin su OQ-45 ta Michael Lambert, mai tambayoyi 45, da CORE-OM ta Birtaniya, mai 34, waɗanda majinyaci ke cikewa da kansa a tsawon jinyar. Binciken Lambert da abokan aikinsa ya nuna likitoci ba su cika gane majinyacin da ke ƙara taɓarɓarewa ba sai maki ya nuna musu.

Matsalar tana farawa ne daga harshe

Ɗora tambayoyin a waya aikin yini ɗaya ne. KoboToolbox da ODK suna ba da damar tsara fom, a cike shi ba tare da intanet ba, sai an samu sabis a tura. Suna ma karɓar sauti, don haka wanda bai iya karatun boko ba zai iya sauraron tambaya ya taɓa amsa. Aikin da ke cin watanni shi ne mayar da tambayar Hausa.

Kalmar "damuwa" kaɗai ta isa misali. Ɗan kasuwar Sabon Gari da kayansa suka maƙale a hanya yana cikin damuwa, haka matar da ta yi makonni ba ta jin daɗin komai. Idan aka tambayi su biyun ko suna da damuwa, duk za su ce e, makin ya zama shirme. Wata tambaya ta PHQ-9 kuma tana batun kasa mai da hankali wajen karanta jarida ko kallon talabijin. Ga dattijon da rediyo ne abokin hirarsa, sai an sauya misalin. Ga kuma tambayoyin barci da cin abinci da kasala: a watan azumi kusan kowa barcinsa da cinsa sun sauya, mai zazzaɓin cizon sauro ma zai ce ba shi da ƙarfi. Manhajar da ba ta san wannan ba za ta tsorata masu lafiya a banza.

Ƙa'idar da masana ke bi ita ce mutum ɗaya ya fassara zuwa Hausa, wani da bai taɓa ganin asalin ba ya mayar da ita Turanci, a gwada biyun. Sannan a zauna da mutane, a karanta musu, a tambaye su me suka fahimta. Sabon Gari wuri ne mai kyau na wannan gwaji, domin akwai Ibo da Yarabawa da sauran ƙabilu da ke jin Hausa a matsayin harshe na biyu, kuma Hausar kasuwa daban take da ta aji. Bayan haka ake kwatanta makin da sakamakon ganawa da likitan ƙwaƙwalwa, irin waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, don a ga ko iyakar maki 10 ta dace da mutanen wurin. Abiodun Adewuya da abokan aikinsa sun yi irin wannan gwaji da ɗaliban jami'a a Najeriya a 2006, amma abin da ya yi wa ɗalibi daidai ba lallai ya yi wa mai sayar da atamfa ba.

Tambaya ta 9 da sirrin majinyaci

Tambayar ƙarshe a PHQ-9 tana binciken tunanin mutuwa ko cutar da kai. A asibiti, ma'aikaci zai ga amsar nan take ya tsayar da mutum. A waya, amsar na iya kwana a rumbun ajiya ba wanda ya duba. Duk manhajar da ta yi wannan tambaya ba tare da tanadin wanda zai kira majinyaci ba, ko aƙalla ta nuna masa inda zai je, bai kamata a sake ta ga jama'a ba.

Sai batun sirri. A gidaje da yawa waya ɗaya ce ke yawo tsakanin miji da mata da yara, kuma har yanzu kalmar "taɓin hankali" tana iya ɓata maganar aure. Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin rukunin da ke buƙatar kariya ta musamman. A aikace, mai ƙera manhajar zai sa lambar sirri kafin a buɗe fom, ya hana sakamako fitowa a sanarwar saman allo, ya kuma ajiye amsoshi da lamba maimakon sunan mutum.