Makiyayi a Bakin Manomi: Yadda Kiristocin Kudancin Katsina Ke Siffanta Kulawar Allah

A ƙauyukan da ke tsakanin Funtuwa, Bakori, Ƙafur da Malumfashi akwai Hausawa Kiristoci, da yawansu zuriyar Maguzawa ne, kuma kusan dukkansu manoman masara, dawa da auduga. Ran Lahadi, a cocin ECWA ko ta Katolika, sukan karanta Zabura ta 23, inda mai waƙar ya ɗauki Ubangiji a matsayin makiyayinsa, shi kuwa tunkiya. Wanda ya san halin da yankin ke ciki zai yi mamaki. Mutumin da dabbobin makiyaya suka taɓa yi wa ɓarna a gona, ta yaya zai ɗaga hannu ya kira Mahaliccinsa da sunan sana'ar da ya kai ƙara gaban mai unguwa? A ganina, wannan manomin ya fi mazaunin birni fahimtar siffar, domin ya san kiwo wahala ce da amana.

Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fara fitowa a 1932, ya taso ne daga ƙasar makiyaya. Musa yana kiwon garken surukinsa aka kira shi, Dauda daga bayan tumaki aka ɗauko shi aka ba shi sarauta, annabi Amos kuma makiyayi ne daga Tekowa. Zabura ta 23 ba ta yi wa kowa alkawarin rayuwa ba tsoro ba. Ta ambaci kwari mai duhu da maƙiya, abin da ta tabbatar kawai shi ne mai sanda yana tare da garke. A Yohanna sura ta 10, Yesu ya ce tumakinsa sun san muryarsa, yana kiransu da suna, yana gaba suna biye. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin burtali ya ga Bafulatani na tafe shanu na bin sa, ya kira guda da sunanta ta waiwayo, ba ya bukatar mai wa'azi ya yi masa dogon sharhi. Musulmin da ke maƙwabtaka da su ma ba baƙon zancen ba ne, tunda ya zo a hadisi cewa annabawa sun yi kiwon tumaki, kuma kowane shugaba za a tambaye shi game da abin da aka ba shi kiwo.

Masu suka na cewa siffar tana koya wa talaka miƙa wuya, ya zama tunkiya, a kora shi duk inda aka ga dama. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, don an sha ganin shugabannin addini da ke son biyayya ba tare da tambaya ba. Amma su karanta Ezekiyel sura ta 34. A can, fushin Allah a kan makiyaya ya sauka, wato sarakuna da manyan Isra'ila, waɗanda suka sha nono, suka yanka masu ƙiba, suka bar gurguwa da ɓatacciya ga namun daji. Hukuncin shi ne za a ƙwace garken daga hannunsu, Allah da kansa ya fita nema. Nassin da ke cewa mai mulki ɗan kiwo ne, garken ba nasa ba, kuma ana iya sallamarsa, da wuya a kira shi maganin barci. Manomin da ya biya 'yan bindiga kuɗi kafin ya girbe gonarsa ya san da wa ake.

Akwai suka ta biyu, wadda ta fi nauyi, kuma ɗan kasuwar dabbobi ne zai fara kawo ta: ba wanda ke kiwo don Allah. Ragon da aka yi wata da watanni ana ba shi dusa da harawa, kasuwa ko wuƙa ce makomarsa. To, wace irin ƙauna ce wannan? A nan ne Kiristoci ke cewa misalin ya juye da gangan. A Yohanna 10 makiyayin ne ke mutuwa domin tumaki, kuma an bambanta shi da ɗan haya, wanda in ya hango kyarkeci sai ya ranta a na kare. A lissafin kiwo wannan asara ce, haka ma barin 99 a jeji don neman guda ɗaya da Luka sura ta 15 ta kawo. Bangaskiyar Kirista ta rataya ne a kan wannan asarar, wato mutuwar Yesu a kan gicciye, kuma a nan ta rabu da fahimtar Musulunci.

A kudancin Katsina batun ɗan haya da mai garke ya wuce karatu. A watan Mayun 2021 'yan bindiga sun afka wa cocin Katolika a Malumfashi, suka kashe Fada Alphonsus Bello, suka tafi da wani dattijon fada. Bayan shekara guda aka sace wasu fadoji biyu a Gidan Mai Kambu da ke Ƙafur. Masallatai ma ba su tsira ba, haka rugagen Fulani da aka kore wa shanu, abin da ya kamata ya hana kowa haɗa makiyayi da ɗan bindiga a kwando ɗaya. Lokacin da fadar Paparoma ta yanke sabuwar dayosis ta Katsina daga ta Sakkwato a 2023, ta naɗa Gerald Mamman Musa bishop, an damƙa masa sanda mai lanƙwasasshen kai irin ta makiyaya. Mutanen ƙauye ba sandar za su duba ba. Za su duba ko fada da fasto da katikis na kwana a cikinsu idan dare ya yi, ko kuwa sai an ga hanya lafiya suke zuwa daga gari ran Lahadi.