Masu Tafiya da Gidansu Kamar Kunkuru

Motar da ta fito daga arewa za ta shiga Kano, ko ta biyo ta Daura da Kazaure, ko ta Jibiya da Katsina, takan ratsa Rijiyar Lemo kafin ta kai Fagge. A shekarun 1970 da na 1980, da zarar ɗari ya kama, mukan ga waɗansu irin motoci a wannan hanya, ƙura ta rufe su, an ɗaure jarkoki da tayoyi a bisansu, ga labule a taga. Waɗansu Land Rover ne, waɗansu Volkswagen kombi, waɗansu kuwa manyan Bedford. In ka leƙa ciki sai ka ga gado da risho da tukwane. Turawa ne da suka ƙetaro Hamada, sun yi makonni suna kwana suna tashi a cikin mota.

Yaya mutum yake zama a gidan da bai kai zaure ba, gidan kuma yana tafiya? Bari mu bi su mu gani, gama akwai abin koyo.

Hanyar da suke bi

Yawancinsu sukan sauka daga jirgin ruwa a Aljeriya ko Tunisiya, su nufo kudu ta Gardaya da In Sala har Tamanrasat. Daga birnin Aljas zuwa Tamanrasat wajen kilomita 2,000 ne, kwalta kuwa ba ta kai can ba sai a 1978. Daga nan babu sauran hanya, sai sawun tayoyi da duro-duro da aka kakkafa don alama. Kilomita 400 ne zuwa In Gezam a bakin iyaka, sa'an nan Asamaka a ƙasar Nijar, da waɗansu 200 zuwa Arlit. Sai Agadas, sai Damagaram, sai Kano. Akan yi tafiyar tsakanin Nuwamba da Maris, domin da bazara zafin Hamada ya fi ƙarfin mutum da mota.

Daga asuba zuwa dare

Tun da asuba ake tashi. Ɗaya ya ɗora shayi a kan risho, ɗaya ya duba baƙin mai da ruwan lagireto da tayoyi. Akan naɗe shimfiɗa, gado ya koma tebur. Kowane abu yana da wurinsa, kuma sai an ɗaure shi tam, domin gargada takan kwance kusoshi, ta fasa kwalabe. Suna sauri su kama hanya da sanyin safiya, gama a lokacin rairayi ya fi ƙarfi, ya fi ɗaukar mota.

Duk da haka sai an kafe. In mota ta nutse, kowa ya sauko, babu babba babu yaro. A rage iskar tayoyi don su baje, a tone rairayi da shebur, a cusa faifan ƙarfe a ƙarƙashin taya, direba ya ja, sauran su tura. Wani lokaci mota ta yi taku goma ta sake nutsewa, a ciro faifan a koma farko. In an fita ƙasa mai tauri kuma, sai a mai da iskar da famfon hannu, taya bayan taya.

Da rana ta take, sai a tsaya, a ɗaura tamfol a jikin mota a sami inuwa, inji ma ya huta. Da la'asar a ɗan ƙara gaba, amma kafin faɗuwar rana an yi zango. Ba a tafiyar dare, domin wanda ya kauce wa sawu cikin duhu zai ƙone mansa yana zagaya wuri ɗaya. Abincin dare shinkafa ne ko taliya da kifin gwangwani, sai dabino. Da rairayi ake goge kwanuka. Can tsakar dare kuwa sanyi yakan sauko har sai an haɗa bargo biyu.

Ruwa da mai

A gida muna cewa ruwa abokin aiki. A Hamada shi ne ran tafiya. Mai hankali yakan ƙidaya jarkokinsa kowace yamma: na sha dabam, na dafuwa dabam, na mota dabam, ga kuma na ajiya da ba a taɓawa sai in mota ta mutu. Wanka babu, sai a jiƙa tsumma a goge jiki. Haka ma mai. A cikin rairayi mai laushi mota takan sha fiye da abin da take sha a kwalta nesa ba kusa ba, saboda haka wanda ya yi lissafi da awon kwalta ya cuci kansa.

Dokoki biyu ne kowa ya sani. Ta fari, kada mota ta shiga ita kaɗai. A Tamanrasat akan jira a haɗu biyu ko uku, a sanar da hukuma kafin a tashi. Ta biyu, in mota ta lalace kada ka bar ta ka kama tafiya a ƙasa. Tana da inuwa, kuma masu nema sun fi saurin hango mota a kan mutum.

Zo mu zauna

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. To, ina ga mutum huɗu a ɗaki guda, dare da rana, ga gajiya, ga ƙishi, ba kuma inda mai fushi zai fita ya sha iska? Waɗanda suka gama lafiya su ne waɗanda suka raba aiki tun farko: wane da tuƙi, wane da girki, wane da ajiyar kuɗi da takardu, wane da lissafin ruwa. Ƙaramar magana kuwa ba a barinta ta kwana.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Fagge tun zamanin da zangon ayari ne, inda raƙuman Azbin da fataken arewa suke sauke kaya. Ayari yana da madugu da jagaba, yana da salkunan ruwa, ba ya kuma barin nasa a baya. Mota ta ɗauki matsayin raƙumi, amma dokar hanya tana nan yadda take.

Hutu a Kano

Kano ita ce babbar mahuta. Da yawa sukan sauka a masaukin 'yan yawon buɗe ido da ke hanyar Bompai. Nan za a yi wanka na sosai, a wanke tufafi, a je gidan waya a karɓi wasiƙun gida. Makanikai su ɗinke abin da gargada ta karya, a cika kwanduna da tumatir da albasa da lemo a kasuwar Sabon Gari, a leƙa Kurmi da marinar Ƙofar Mata. Bayan 'yan kwanaki waɗansu su nufi Ikko, waɗansu su bi ta Kamaru da Bangi har Nairobi.

Hanyar a yau

Waɗannan baƙi sun ɗauke ƙafa. Tawayen Abzinawa a Nijar daga 1990, da yaƙin basasar Aljeriya daga 1992, da sace Turawa 32 a Hamadar Aljeriya a 2003, su suka tsorata su. Amma hanyar ba ta rasa matafiya ba. 'Yan'uwanmu talakawa suna binta don neman abinci, cunkushe a bayan mota, ba jarkar ajiya, ba abokin tafiya. A Oktoba 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance a jihar Damagaram. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su.

Saboda haka, ya mai karatu, in wani naka ya ce zai kama doguwar hanya, ko ta Hamada ko wata, kada ka tsaya ga yi masa fatan sauka lafiya kawai. Zauna da shi ka tambaye shi: da wa za ka tafi? Ruwan kwana nawa kuka ɗauka? Wa ya san ranar da ya kamata ku isa? In ba shi da amsa, ka roƙe shi ya dakata. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.