Ciwon Sukari: Abin da Ya Kamata Falke Ya Sani

Mukan hangi saniya daga nesa mu gane lafiyarta, amma namu jikin ba mu cika duba shi ba. Shi ya sa yau muka ɗauko zancen ciwon sukari, wanda likitocin Nijar da Kamaru ke ce wa diyabet.

Tuwo da fura da shinkafa, in mun ci, sukan narke su zama sukari cikin jini. To, akwai wata tsoka kwance a bayan tumbi mai fitar da wani ruwa, insulin. Shi ke kora sukarin cikin naman jiki ya zama ƙarfi. In ruwan nan ya gaza, sai sukari ya taru a jini. Ciwon ke nan.

Manyan irinsa uku ne. Na farko ya fi kama yara da samari. Jiki ne da kansa ke lalata wurin yin insulin, sai allura kullum har iyakar rai. Na biyu shi ne na wajen mutum 9 cikin 10 na masu ciwon. Insulin ɗin akwai shi, amma jiki ya daina jin sa sosai. Gado da shekaru da ƙiba da yawan zama ke jawo shi. Na uku yakan zo wa mace mai ciki, ya tafi bayan haihuwa, amma yana iya dawo mata daga baya a na biyu.

Na biyun nan shi ne namu. Iyayenmu a ƙasa suke kora shanu har kudu. Mu kuwa yau daga kara sai mota, muna zaune, ga shayi zaƙi cau, ga lemun kwalba, tumbi na ta gaba.

Yawan ƙishirwa, tashi fitsari da dare, rama, gani hazo-hazo, gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa, kowanne ya isa kai mutum asibiti. Wani ma yakan shekara da shekaru bai ji komi ba, sai ciwon ya taɓa ido ko ƙoda. A je awon jini da safe kafin karin kumallo. In takardar Konni ko Maraɗi ta nuna 1,26, ta Najeriya kuma 126 ko 7, duk magana ɗaya ce: an kai iyakar ciwon, sai likita ya sake awo ya tabbatar.

Mai ciwon kada ya kama hanya ba maganinsa, kada ya bar allura cikin rana, kuma ya shawarci likita kafin azumi. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, amin.