Lambar da ta gagari rabo

Manomin Matankari da ya ɗaure damin gero 60 ba ya shan wahala wajen rabo: ko mutum 2 ne, ko 3, ko 4, ko 5, ko 6, kowa zai tashi da rabonsa daidai wa daida. Amma in aka ƙara dami ɗaya suka zama 61, to, magana ta sake. Duk yadda aka kasa su sai an bar saura, sai fa in mutum ɗaya ya kwashe duka, ko kuwa mutum 61 su ɗauki ɗai-ɗai. Irin wannan lamba ce ƴan lakwal ke kira « nombre premier » da Faransanci. Da Hausa ana iya ce mata gagara-rabo. Na farkonsu su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13. Har 2011, shekarar da aka cire Tibiri daga Dogon Dutsi ta zama gunduma mai zaman kanta, tana cikinsu.

Masana lissafi sun kasa su dangi-dangi. Akwai tagwaye, waɗanda 2 kawai ke tsakaninsu, kamar 11 da 13, ko 2027 da 2029. Amma dangin da ya fi shahara shi ne wanda aka laƙaba wa sunan Marsen, wani malamin kirista Bafaranshe da ya rasu a 1648. Ga yadda ake samunsu: a jera 2 sau biyar a ninka su da juna, a sami 32, a ɗebe 1, saura 31, gagara-rabo ce. Dabarar ba kullum take ci ba. In aka jera 2 sau 11, sai a faɗa kan 2047, wadda ta rabu: 23 sau 89.

A watan Oktoba na 2024, wani Ba'amurke, Luke Durant, ya sa dubban na'urorin kwamfuta aiki, ya gano ta 52 a wannan dangi: 2 aka jera sau 136.279.841, aka ninka, aka ɗebe 1. Ta zarce duk wadda aka sani kafinta, tana da alƙaluma 41.024.320. Wanda zai rubuta ta da hannu, alƙalami ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba hutu, sai ya kwana 475. Ba kuwa ita ce auta ba, domin tun fiye da shekara 2.000 Uklidis na Iskandariya ya tabbatar cewa gagara-rabo ba su da iyaka.

Mai karatu zai ce: ina amfanin wannan wahala? Ita dai wannan uwar lamba ta yi girman da ba a aiki da ita. Amma ƙannenta masu alƙaluma ɗarurruwa suna gadin dukiyar jama'a. Wata dabarar ɓoye saƙo da aka ƙago a 1977 ta dogara a kansu: ninka biyu daga cikinsu abu ne mai sauƙi, amma gano su daga sakamakon ya gagari na'ura. Da irin wannan makulli bankuna ke tsare kuɗin da ake aikowa gida ta intanet.