Kurege da jan-baki: mai rumbu da mai fiffike

Su biyun manomi na kuka da su, amma kowa da lokacinsa. Kurege ɓarawon shuka ne: a binne gyaɗa da safe, kafin azahar ya bi layi ya tone. Jan-baki kuwa sai gero, dawa ko shinkafa sun fara ido yake sauka. Ƙwaya ce abin nemansu duka. Inda suka rabu shi ne dabarar da kowa ke yi idan ta yanke.

Kurege, mai farin zane a haƙarƙari, ba ya nisa da raminsa. Idan ya samu abin da ya fi cikinsa, sai ya bibbinne shi nan da can, ya dawo ya tone ranar babu. Ban da ƙwaya kuma, ga saiwoyi, ga ƙwari, ga rogon mutane. Ba banza ba tatsuniya ta ba shi wayon da yake juya kura da shi.

Jan-baki bai san ajiya ba. Ɗan tsuntsu ne dangin masu saƙa sheƙa, nauyinsa bai cika wuce giram 20 ba, amma ana ƙiyasin yawansa ya kai biliyan ɗaya da rabi, wato babu tsuntsun dawa da ya kai shi yawa a duniya. Ainihin abincinsa 'ya'yan ciyawar daji ne, kuma yunwarsa ba da rani take zuwa ba. Da ruwan farko take zuwa, domin ƙwayar da ke zube a ƙasa sai ta tsiro gaba ɗaya. Nan garken ke tashi zuwa inda damina ta riga sauka har ciyawa ta nuna. Lokacin kiwo kuma namiji ke saƙa sheƙa a bishiyar ƙaya, ƙwai ya ƙyanƙyashe cikin kwana 10 zuwa 12.

Shi ya sa nake ganin feshin da ake yi wa jan-baki da jirgin sama maganin rana ɗaya ne. Kurege ana iya ɗana masa tarko a bakin rami. Amma jan-bakin da ke kwana cikin kacallar fadamar Haɗeja da Nguru yau, gobe yana gaɓar Tafkin Cadi, ina za a tare shi? Mutanen Cadi dai raga suke kafa masa da dare, su soya, su kai kasuwar Njamena.