Kan biri mai girman goro: abin da fentin Sun Wukong ke koyarwa

A ƙauyukan Dambatta, Bichi da Makoɗa, inda gona ke manne da gona, yara sun daɗe suna murza yumɓu su fitar da doki ko sa, su shafa masa farar ƙasa da gawayi. A ƙasar Sin, irin wannan wasa ya zama sana'a mai kawo kuɗi, kuma cikin fuskokin da ke da kasuwa akwai ta Sun Wukong, Sarkin Birai.

Wannan biri mayaƙi ya shahara ne ta littafin "Tafiya Zuwa Yamma" na ƙarni na 16, wanda ake danganta wa Wu Cheng'en. A Agustan 2024 kamfanin Game Science ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Black Myth: Wukong, aka sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana 3. Daga nan kasuwar ƙananan siffofinsa ta ƙara buɗewa.

Kan irin wannan siffa bai fi goro girma ba. Mai fenti yakan fara da shafe na farko domin launi ya kama. Sai ya zuba tsinkakken launi mai duhu ya kwanta cikin ramukan gashi, sannan ya goga mai haske da busasshen burushi a kan tudun gashin. Idanu ne ƙarshe.

Kowane launi da tarihinsa. Idanun ruwan zinare ne, saboda a labarin an kulle birin kwana 49 cikin tanderu bai ƙone ba. Zoben da ke kansa takunkumi ne, wanda ke matse shi duk lokacin da malaminsa ya yi karatu a kansa. Jan fuskar kuwa gado ne daga kwalliyar wasan kwaikwayon Beijing.

Wannan ba sha'awa ba ce kawai. Sin ta mayar da tatsuniyarta haja da kuma hanyar tasiri, har ta sa aka kafa talabijin ɗin tauraron ɗan'adam na StarTimes a ƙauyuka 1,000 na Najeriya. Gizo da Ƙoƙi, waɗanda kowane yaron karkarar Kano ya sani, har yau ba su da wata siffa tsayayya da kasuwa ta sani. Malamai da yawa sun bambanta gunki da abin wasan yara, saboda haka babban cikas yana wajen jari da horo. Hannun da ya iya murza doki yana da shekara 7 ba gwaninta ya rasa ba.