Abin da masu tara kayan tarihi ke dubawa a sandar wasan besbol

A watan Disambar 2004, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da wata sandar katako kan dala miliyan 1.26 a birnin New York na Amurka. Da ita ce Babe Ruth ya buga ƙwallo ta faɗa cikin 'yan kallo a ranar da aka buɗe filin wasa na Yankee a 1923. Irin wannan farashi ne ya sa masu saye ke auna kowace sanda kafin su ciro kuɗi.

Dokar babbar gasar besbol ta Amurka ta ce sanda ba za ta wuce inci 42 a tsawo ba, kuma dole ta kasance itace guda. A cikin wannan iyaka kowane ɗan wasa na da zaɓinsa. 'Yan wasan da sun fi son mai nauyi, kamar Edd Roush da ke riƙe sanda mai oza 48, kusan kilo ɗaya da rabi. Na yanzu galibi suna amfani da mai inci 33 zuwa 34, nauyinta oza 31 zuwa 33, domin mara nauyi ta fi saurin wulwulawa. Itacen ma ya sauya: an daɗe ana sassaƙa su da itacen ash, amma maple ya samu karɓuwa bayan bajintar da Barry Bonds ya yi da shi a 2001.

Kamfanin Hillerich & Bradsby da ke Louisville a jihar Kentucky, mai ƙera sandunan Louisville Slugger, yana bai wa kowane samfuri harafi da lamba. Harafin na nuna sunan wanda aka fara yi wa samfurin: R43 na Ruth ne, C271 kuma na Jose Cardenal. Sai dai wasu na iya yin odar samfurin wani, kamar yadda Derek Jeter ya yi wasa da P72 duk tsawon aikinsa. Saboda haka lamba kaɗai ba ta tabbatar da mai sanda.

A nan ne littattafan odar kamfanin ke da amfani, domin suna ɗauke da ranar oda, samfuri, tsawo da nauyi. Masu tantancewa na kwatanta sanda da waɗannan bayanai, kuma sun fi dogara ga tsawo, tun da itace na bushewa da shekaru, nauyinsa ya ragu. Idan tsawon ya saɓa wa duk odar da ɗan wasan ya yi, darajarta kan faɗi, domin kamfanin ya sayar da sanduna masu ɗauke da sa hannun taurari a kantuna ga kowa da kowa. Bayan awo, sai a duba tabon ƙwallo a jikinta da hotunan wasannin lokacin.